Jitar Bahago

Litinin, da yamma

Yaya ya zo yau, wan Malam, marigayi mijina, tun kafin in cire takalmin aiki. Bai gama zama ba ya fara. Wai shi da abokan Malam sun zauna sun yanke shawara: za a tara kuɗi don tunawa da shi, a saya wa yaransa jita, kowa da tasa. Yaran da ake cewa nasa ba namu ba ne, mu Allah bai ba mu ba. Yaran bayan tasha ne da yake koya wa kiɗa kyauta a ɗakin ajiyar makarantar firamare. Jita ɗaya gare su duka, tasa, tana yawo daga wannan hannu zuwa wancan.

Na ce shawara ta yi kyau. Da gaske nake.

Sai ya gyara murya. Idan Yaya ya gyara murya, to yanzu ne zai faɗi abin da ya kawo shi, na farkon duk share fage ne.

"Likita, ita jitar tasa fa? Da mun ɗora ta a kan tebur ranar taron. Mutane sun fi sa hannu a aljihu idan sun ga abu da idonsu."

Ni ba likita ba ce, gwajin ido kawai nake yi a asibiti, amma na daina gyara masa tun shekarar da aka kawo ni gidansu. Na ce, "Yaya, a bar ta inda take." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗaki, ya ce to.

Akwatin jitar na bayan ƙofa tun ranar haɗarin Malam a titi, da mai jarida na bakin hanyar ya kawo shi, riƙe da hannu biyu kamar ya ɗauko jariri. Gefe guda duk ya goge. Ban buɗe ba. A ranar likitan da ya fito bai faɗa min da yawa ba, ni ma ban tambaya ba. Idan na buɗe na same ta a farfashe, zan san abin da na ƙi tambaya. Ba na so in sani.

Talata, lokacin hutun rana

Rediyo, mai karɓar kati a wurin aikinmu, har ta ji labari. Ita ba a gaya mata abu, kamowa take yi. Ta samo gwangwanin madara, ta huda murfin, ta manna hoton Malam, ta ajiye kusa da katunan. Duk wanda ya zo a duba masa ido sai ya sha tarihin Bahago tun daga farko. Haka kowa ke kiransa, Bahago, tun yana yaro, har mahaifiyarsa. Ni dai Malam nake cewa.

Hoton da yake dariya ta manna. Na matsar da kujerata yadda ba zan riƙa hango shi ba.

Laraba, da safe

Na haɗa shayi kofi biyu. Na shanye duka don kada a zubar.

Alhamis, da yamma

Na je ɗakin yaran Malam. Na ɗauka zan tarar da shi a kulle.

Ɗakin ajiya ne na gaske: karyayyun bencina jingine da bango, tsohon allo, ƙwallon da iska ta fita, taga ɗaya. Yaran na ciki, kowa da guntun katako a cinya, an ja masa layi shida da biro. Malam ne ya yanka musu, don mai jiran layi ya riƙa motsa yatsu kafin jitar ta zo kansa. Watanni ke nan jitar ba ta zo kan kowa ba, amma ba su daina zuwa ba. Ɗaki cike da makaɗa, ba ka jin komai sai taɓawar yatsu a jikin itace.

Wadda ke tsaye a gabansu Doguwa ce, 'yar tela, babbar cikinsu. Ta rusuna ta gaishe ni, ta goge min benci da gefen mayafinta.

Ta ce makarantar koyon kiɗa ta kira ta gwaji nan da kusan sati uku. Malam ne ya kai sunanta. Kowa da kayan kiɗansa zai je, ba a ba da aro. Kuma bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi ta wuce shekarun da suke ɗauka. Babanta ya ce ta gwada, in ba a dace ba akwai keken ɗinki na jiranta. Ba da mugunta ya faɗa ba. Idonsa ya fara rauni, ni na gwada shi, na sani.

Na ce jitarta na nan tafe, Yaya na kan maganar. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Mama."

Ba ta tambaye ni tasa ba. Na lura ba ta tambaya ba, ita ma ta lura na lura.

Asabar, da yamma

An yi taron a zauren makarantar. Ya cika fiye da yadda na zata. Direbobin tasha sun zo, masu gadi, malamai, iyayen yara, Rediyo da gwangwaninta a hammata.

Yaya ya yi jawabi. Ya yi jawabi sosai. Ya kira Malam gwarzo, ya kira shi fitila, ya ce tun suna yara ya ga baiwar. Shi da ya yi shekaru yana zuwa gidan nan yana cewa kiɗa ba sana'a ba ce, mutum ya nemi abin yi. Ina zaune ina cizon leɓe, sai muryarsa ta karye a tsakiyar wata kalma, ya tsaya yana neman hankici bai samu ba. Na yafe masa jawabin gaba ɗaya.

Daga nan yaran suka fito da katakansu, suka zauna a jere. Mutane suka fara 'yar dariya, ba ta raini ba. Doguwa ta ɗaga kai, yatsu suka hau aiki, suna yin sautin da baki, ƙanana na sama, ita na ƙasa. Dariyar ta ɗauke. Kiɗan da Malam yake yi min ne idan ina guga. Na tashi na fita, na tsaya ina kallon tankin ruwa kamar an aike ni in duba shi.

An ce mutane sun bayar sosai. Mai jarida na can baya, hularsa a hannu. Ban je na gaishe shi ba. Da na dawo ya tafi.

Lahadi, da rana

Na yi guga. Shiru ya yi yawa, na bar rabi.

Talata, da yamma

Yaya ya kawo min hotunan jitoci a waya in zaɓa. Na ce ni me na sani. Ya ce ai dole, hakkina ne. Na zaɓi masu launin zuma don sun yi kama da tasa. Ya ce kuɗin sun isa kowane yaro ya samu, kuma ya samo mai zane da zai ƙona rubutu a jikin kowacce: Don tunawa da Bahago. Na ce ya yi kyau.

Ya yi fara'a yau. Ina jin aikin nan shi ke riƙe da shi, kamar yadda allon haruffa ke riƙe da ni. Da zai fita ya kalli ƙofar ɗaki, bai gyara murya ba.

Alhamis, da safe

Lafiya lau.

Juma'a, da yamma

Ba lafiya lau ba ne jiya, amma ba wani abu. Wata mota ce ta taka birki a bakin asibiti, na saki tiren gilasai. Rediyo ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma a karon farko tun da na san ta, ba ta ce komai ba.

Akwatin na nan.

Asabar, da yamma

Bari in rubuta wannan daki-daki, don ina so in tuna shi yadda ya faru.

An kawo jitocin ɗakin ajiya. Yaya ya sa manyan kaya, ya zo da mai ɗaukar hoto. Yaran sun wanke hannu ba wanda ya ce musu. Aka riƙa kiran suna ana miƙawa. Ƙaramin cikinsu ya rungume tasa har ba a ganin fuskarsa. Suka zauna, kowa ya kwantar da ita a cinya, wuyan jitar yana kallon damansu, yadda suka saba da katako. Yaya ya ce, "To, a ji mu."

Ƙaramin ya taɓa tsirkiyar sama. Maimakon kauri sai ta yi tsiwa, siririya. Ya sake taɓawa. Ya leƙa. Sauran ma suka leƙa nasu. Rubutun tunawar duk ya koma a kife.

Doguwa ta ce a hankali, "Baba, na dama ne."

Yaya ya ce, "To ai ku ma na dama ne. Ke da wane hannu kike cin abinci?"

"Da dama, Baba."

"To?"

"Amma da hagu muke kaɗawa. A jitar Malam muka koya."

Mai hoto ya sauke kyamara.

Jita ɗaya ce a ɗakin nan tun farko, ta bahago, tsirkiyoyinta a juye. Duk yaron da ya shigo, ita ya tarar, a kanta hannunsa ya buɗe. Ba bahago ko ɗaya a cikinsu, amma Malam ya mayar da su duka. Mu kuwa kwamiti guda muka zauna, da abokan da suka girma tare da shi, da wansa ciki ɗaya, da ni matarsa. Muka sayo jitar dama, muka biya aka ƙona mata sunan Bahago. Har da ni, mai wuni tana cewa rufe na hagu, yanzu rufe na dama.

Yaya ya zauna a kan karyayyen benci da manyan kayansa. Ya ce, "Yaron nan, komai nasa a bauɗe. Ko bayan ransa sai ya ba ni kunya." Yana faɗa yana share ido.

Lahadi, da safe

Jiya ina shiga gida dariya ta ƙwace min. Na dafa bango ina yi har cikina ya yi ciwo. Da Malam yana nan da ya yi har ya ƙware da tari, kuma da ya shekara yana tsokanar Yaya da ita. Na juya in gaya masa. Daga nan ba dariya ba ce.

Litinin, da yamma

Kantin ya ƙi karɓa. Ban ga laifinsu ba, wa zai sayi jita da sunan mamacin wani a jiki.

Muka kai su wurin mai gyara, wani dattijo a ƙasan bene, shagonsa na warin gam da ƙurar katako. Yaya ya ce a juya tsirkiyoyin kawai, aikin minti nawa ne. Dattijon ya nuna mana. Akwai ɗan farin ƙashi a saman wuya mai tsagogi, kowace tsirkiya da tsagarta, mai kauri ba ta shiga ta siririya. Akwai kuma ɗan katakon da suke hawa a cikin jitar, ya kira shi jaki, a karkace aka dasa shi, sai an ɓamɓare an sake wani. Ya ce duk za su gyaru, amma gam ba ya son gaggawa.

Yaya ya ce a yi wa Allah a fara da ɗaya, yarinya na da gwaji Talatar sama. Dattijon ya shafa gemu, ya ce zai gwada, amma bai yi alkawari ba.

Da za mu fita ya ce da ni, "Hajiya, tasa tana nan?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "Ni na yi mata jaki." Ya koma kan aikinsa.

Talata, lokacin hutun rana

Wani tsoho na ce ya rufe idon hagu, ya rufe na dama. Na ce ɗayan, Baba. Ya ce, "'Yata, hagunki ko haguna?" Na ce ya yi haƙuri, ni ma kwanan nan ban tabbata ba.

Alhamis, da yamma

Ba ta yi ba. An ɗaure tsirkiyoyin yau, Doguwa na tsaye, jakin ya ɗago, ya tafi da ɓallin fuskar jitar. Dattijon ya ce laifinsa ne da ya biye mana. Na gaba sai ya bar shi ya bushe yadda ya kamata, kuma ba zai kai Talata ba ko za a yanka shi. Yaya ya buga waya duk inda ya sani. Jitar hagu sai an yi oda, ita ma ba Talata ba.

Ba wanda ya kalle ni. Sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen ƙin kallona.

Juma'a, da yamma

Na biya ɗakin ajiya. Ƙananan sun koma kan katakansu, ba su damu ba, an ce musu wata mai zuwa. Doguwa ce kaɗai a lungu da sabuwar jita, ta riƙe ta yadda masu kaɗawa da dama ke riƙewa, tana koyo daga farko kamar wadda ta zo yau. Kiɗan na fita a gutsure.

Na ce ta nuna min hannunta. Ta ƙi, sannan ta miƙo. Yatsun dama, waɗanda suka saba danne tsirkiya, duk kanta, tauri kamar ƙafar kaza. Na hagun kuwa, da ta tilasta musu kwana biyun nan, sun yi ja, biyu sun fashe.

Na ce, "Zai yiwu kafin Talata?"

Ta ce, "A'a, Mama." Ba kuka, ba komai. "Shekara huɗu ne a wannan hannun. Ina dai yi ne don kar in zauna haka."

"To me za ki yi?"

"Zan je in gaya musu ba zan samu zuwa ba. Ɗinki ma ba laifi. Na iya sa aljihu." Ta yi murmushi don in ji sauƙi.

Na so ta roƙe ni. Da ta roƙa da na samu wanda zan ji haushi. Ta dai ci gaba da hura yatsunta, ta tambaye ni ya aiki.

Asabar, da safe

Na jawo shi daga bayan ƙofa. Na mayar.

Asabar, da yamma

Idan a farfashe take, yarinyar ba ta samu komai ba, ni kuma na sani. Idan ban buɗe ba, yarinyar ba ta samu komai ba, ni ban sani ba. Na wuni ina juya wannan, kuma ko ta ina na juya shi, ni kaɗai ce mai riba a na biyun. Tsoro nake ji. Ba wani suna gare shi ba, tsoro ne.

Lahadi, da rana

Na aika a kira min Doguwa da hantsi. Ba na so in yi ni kaɗai, kuma ba na so in yi a gaban babba.

Na shimfiɗa akwatin a tsakar falo, gefen da ya goge a ƙasa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga abin da ke nan, ta ce, "Mama, ba sai kin yi ba." Na ce ta zauna, kafin in canja ra'ayi. Na gaya mata ban san abin da ke ciki ba, kada ta sa rai. Ta ce to.

Maɓallan ƙarfen sun cije. Na farko ya buɗe, na biyu sai da na sa cokali. Na ɗaga murfin ina kallon silin. Numfashin yarinyar na ji ya canja, sannan na sauke ido.

Ko ƙwarzane babu. Tana kwance a cikin jan ƙyallenta, launin zuma, da wurin da hannunsa ya cinye fenti. Na shafa wuyan, na shafa bayan, na ɗaga ta na duba ta a hasken taga kamar yadda nake duba gilashi. Lafiyarta ƙalau.

Na zauna ina jiran in ji wani abu babba. Watanni ina kewaye akwatin nan ina tsoron abin da za ta faɗa min, ashe ita ba ta san komai ba. Jita ce kawai. Ban san fiye da abin da na sani jiya ba, kuma yanzu na gane ba zan taɓa sani ba. Na ɗan ji haushinta da ta tsira. Bai daɗe ba ya wuce.

Na miƙa wa Doguwa. Ta goge tafinta a zani, ta karɓa, ta kwantar da ita, wuyan ya kalli dama, komai ya zauna inda ya kamata. Ta sauke babban yatsa a kan tsirkiyoyin a hankali. Ni ma da ban san kiɗa ba na ji ba daidai ba ne.

Ta ce, "Ta sauka, Mama. Zama ne ya sa."

Ta kai hannu wurin 'yan kunnuwan da ake murɗawa, sai ta tsaya, hannun a sama bai taɓa ba. Na gane abin da ta gane. Shi ne na ƙarshe da ya murɗa su, a ɗakin ajiya, da yammar ranar haɗarin. Inda suke tsaye, nan ya bar su. Duk gidan nan na wanke, na goge, na ninke, wannan ne kaɗai abin da ke nan yadda hannunsa ya ajiye shi, kuma ban san da shi ba sai yanzu da za a taɓa.

Ta ce, "In ɗaure?"

Na daɗe. Ba ta matsa min ba, ba ta kuma sauke hannun ba.

Na ce, "Ɗaure."

Ta fara da mai kaurin. Sautin ya riƙa hawa a hankali har ya kai wurinsa ya tsaya. Ta koma ta biyu. Ban fita na kalli komai ba, na zauna har ta gama shidan.

Da ta mayar da jitar ciki, akwatin ni na ɗauka, na raka ta bakin hanya, na miƙa mata. Ban juyo ba sai da na ga ta tsallaka titi.